A tuna mana da sojojin Gulofa a Legas

Edita, assalamu alaikum. Kwanan nan na ga wani bidiyo a waya, wasu Turawa a Amurka sun saka koren kaya da tsoffin bindigogi suna kwaikwayon dakarun daji na Robert Rogers da suka taya Ingila yaƙi da Faransa a shekarun 1750, har da kwana a daji wai don yara su ga yadda abin ya kasance, sai na ce to mu fa?

Nan Legas ɗin da muke zaune, a 1863 ne Kyaftin Gulofa, wani Baturen Ingila, ya tara Hausawa ya kafa rundunarsa, su ne fa tushen sojan Najeriya, har yaƙin Ashanti, a ƙasar Ghana ta yanzu, aka kai su a 1873. Amma ka shiga Agege ko Idi Araba ka tambayi matasanmu, wallahi da wuya ka samu wanda ya taɓa ji.

Na san wasu za su ce ai 'yan koren Bature ne, irinsu ne suka ci Kano a 1903. Gaskiya ne, shi ma a nuna shi, kar a ɓoye komai. Sarakunan Hausawan Legas da 'yan diramarmu don Allah ku duba maganar nan, mu ma a riƙa kwaikwayon sojojin Gulofa, ko sau ɗaya ne a shekara bayan Sallah.

Naku, wani mai karatu daga Agege