A Haɗa Kaduna da Bauchi da Ƙaramin Jirgin Sama

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin hutun Sallah. Iyalai da dama a nan Kaduna suna marmarin kai yaransu gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi su ga giwaye, su yi wanka a ruwan Wikki da ɗuminsa ke nan a digiri 31 ko da sanyin hunturu. Hanya ce ke karya musu gwiwa. Mai mota zai bi ta Saminaka ya shiga Jos, ya wuce Bauchi, sannan ya ƙara fiye da kilomita 100 kafin ya kai masaukin Wikki. Yini ya tafi, ga ramuka, ga fargabar masu garkuwa da mutane. Wanda ya ce jirgi zai hau, sai ya gangara Abuja tukuna, tunda jiragen da ke tashi daga filinmu Legas suka fi nufa. Alhali ta sama tsakaninmu da Bauchi bai kai awa guda ba.

Ba fili muka rasa ba. A 2017 da aka rufe filin Abuja na mako 6 don gyaran titin jirage, Kaduna ce ta ɗauki nauyin, har jiragen ƙasashen waje suka sauka. Bauchi kuma tana da filin Sir Abubakar Tafawa Balewa. Dattawanmu ma suna tuna zamanin Nigeria Airways, kafin ya durƙushe a 2003, lokacin da ƙananan jiragen Fokker ke zagaya biranen Arewa.

Ba ƙaton jirgi nake nema ba. Mai farfela ɗin nan da ke ɗaukar mutum 50 zuwa 70 ya isa, ya tashi ranar Juma'a ya dawo Lahadi. Na san kamfani ba zai fara ba sai ya ga riba, shi ya sa nake kira ga gwamnatocin Kaduna da Bauchi su lamunce wa kamfani kuɗin wasu kujeru a watannin farko, har jama'a su saba. Mutanen Bauchi su ma za su zo mana wurin shaƙatawa na Gamji da kasuwar baje koli.

Amma a sa kuɗin tikiti daidai aljihun ma'aikaci mai iyali, kuma a tanadi bas daga filin Bauchi zuwa Yankari, kada fasinja ya sauka da yara ya koma neman shatar mota.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna