Ranar sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen sankarar mama ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Duk shekara idan Oktoba ta kama, shafinku na lafiya kan cika da kiran mata su riƙa duba nononsu, su je asibiti da wuri. Kira ne mai kyau, kada ku fasa. Ƙorafinmu shi ne labarin yakan tsaya a ranar da aka ce wa mace an gama magani. Mai shekara 32 da aka cire wa nono, aka yi mata ƙarin ruwan maganin sankara, wato kemo, zagaye shida ko takwas, ranar ce take komawa gida da hannu mai nauyi, da al'adar da ta ɗauke, da ƙwayar da za ta sha shekara 5 zuwa 10, ga yara ƙanana, ga dangin miji suna jiran ƙarin haihuwa.

A Amurka aka fi bin diddigin wannan al'amari, kuma abin da aka gani a can game da mata baƙaƙen fata ya shafe mu. Mutuwarsu da wannan ciwo ta zarce ta fararen fata da kusan kashi 40 cikin 100, yana kama su da ƙuruciya, kuma nau'in nan mai saurin yaɗuwa, wanda gwaje-gwajen tantance nau'insa uku (na sinadaran jikin mace isturojin da furojestaron, da na wani furotin mai suna HER2) duka kan fito babu, ya fi yawa a cikinsu kusan ninki biyu. Matan sun kafa ƙungiyarsu, Sisters Network, a Houston a 1994. Wani ɓangare na giɓin talauci ne da rashin inshora da wariya, wani kuma a jini yake. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan suka wallafa a 2018 ya samu gurɓatacciyar ƙwayar halitta ta gado a jikin kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan Najeriya masu ciwon, yawanci BRCA1 da BRCA2. Don haka wadda ciwon ya kama kafin shekara 40, a tambayi tarihin gidansu ta wajen uwa da ta wajen uba, 'yan'uwanta mata kuma su fara zuwa gwaji da wuri.

Bari mu fara da hannu, domin shi ne wahalar da ta fi daɗewa. Idan likita ya kwashe kaluluwar hammata, ya yanke hanyoyin da ruwan jiki ke bi ya fita daga hannu. Gashin da ake yi da na'ura bayan tiyata yana ƙara toshe sauran. Sai ruwan ya taru, hannu ya kumbura, wani lokaci bayan wata shida, wani lokaci bayan shekara biyu. Kusan mace ɗaya cikin biyar ke samun wannan. A wani bincike na asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York a 2022, cikin shekara biyu kumburin ya kama kusan huɗu cikin goma na baƙaƙen fata, fararen fata kuwa ba su kai biyu cikin goma ba.

Tef ɗin tela ya isa a gano shi da wuri. Kafin tiyata a auna kaurin hannu biyun a wuyan hannu, da santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita, a rubuta. Bayan tiyata a maimaita duk wata a daidai wuraren nan, da safe. Idan hannun da aka yi wa aiki ya fi ɗaya da santimita 2, ko zobe da awarwaro suka fara matsewa, ko hannun riga ya ƙi shiga, a nufi sashen gashin ƙashi. A wannan mataki safar hannu mai matsi, wadda aka auna daidai jikin mai ita, tana iya mayar da shi. Idan aka bari fata ta yi tauri, sai dai a rage, ba ya komawa yadda yake. Kurakuran da suka fi ɓata hannu sanannu ne: ɗaure shi da bandeji mai ƙarfi daga sama, abin da ke tare ruwan a tafi da yatsu, gasa shi da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, kai shi wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga, da shan maganin sa fitsari, wanda ke janye ruwa ya bar sinadarin da ke daskarar da nama. Duk wata ƙofa a fata, ko ta reza ce wajen aske hammata, ko ƙunar murhu, ko cizon sauro da aka sosa, hanya ce ta ƙwayoyin cuta. Hannu ya yi ja, ya ɗauki zafi, ga zazzaɓi, wannan na asibiti ne a ranar, kada a kwana ana cewa maleriya ce.

Akwai kuma tsohuwar shawara da ya kamata a daina bayarwa, wato a ajiye hannun kada a yi komai da shi. Gwajin da aka wallafa a 2009 daga Jami'ar Pennsylvania ya nuna ɗaga nauyi a hankali, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ba ya ƙara kumburi, har yana rage tashinsa. A fara da rabin kilo zuwa kilo ɗaya, sau biyu a mako, da safar a hannu. Abin gudu shi ne a tashi daga kwanciyar wata uku a faɗa daka ko ɗaukar jarka mai lita 25 rana guda.

Sai maganar haihuwa, wadda ake jin nauyin yi, alhali lokacinta kafin a ɗaura ruwan kemo na farko ne. Magunguna irin su saikulofosfamaid suna cinye ƙwan haihuwa. Wadda ba ta kai 35 ba yawanci al'adarta kan dawo cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wadda ta haura 40 sau da yawa shi ke nan. Ana iya rage ɓarnar da allurar goserelin, miligiram 3.6 duk kwana 28, a fara aƙalla mako guda kafin kemo. Mai hali kuma ana iya cire mata ƙwai a daskarar, aikin kusan mako biyu. Duk wannan ba ya yiwuwa idan sai bayan an gama ne aka tuna.

Ɗaukewar al'ada bayan kemo ba ta nufin mace ta daina haihuwa, kuma rashin sanin haka na jawo kuskure biyu. Na farko, a ba ta letirozol ko anastirozol, magungunan da aka yi don waɗanda al'ada ta yanke musu gaba ɗaya, alhali ƙwanta na nan na aiki; a irin wannan hali ba sa kare ta, sai an haɗa da allurar kwantar da ƙwai. Na biyu, ta ɗauki ciki tana kan tamoksifen, maganin hana dawowar ciwon da ake sha shekara 5 zuwa 10, wanda ba ya hana ɗaukar ciki kuma yana iya nakasa jariri. Tazarar haihuwa ga wadda ta yi sankarar mama ita ce robar mahaifa mai jan ƙarfe ko kwaroron roba. Ƙwaya da allura da ashanar hannu duk sinadarin jiki ne a cikinsu, ba su dace da ita ba.

To, mai son haihuwa fa? Gwajin POSITIVE, wanda aka wallafa a 2023, ya bi mata sama da 500 'yan shekara 42 zuwa ƙasa. Sun sha maganin hana dawowar ciwon, irin su tamoksifen, wata 18 zuwa 30, suka dakata, suka jira wata 3 ya fita daga jiki, aka ba su har shekara 2 su yi ciki, su haihu, su shayar, sannan su koma kan magani. Kusan kashi 74 cikin 100 sun samu ciki, kuma a shekara uku na farko ciwon bai dawo musu fiye da waɗanda ba su dakata ba. Shekara uku gajeren lokaci ne ga ciwon da ke iya dawowa bayan shekara goma, don haka dakatawar da sanin likita ake yin ta, komawa kan maganin kuma wajibi ne. Nono ɗaya yana isar jariri. Wanda aka gasa ne ba ya kawo ruwa sosai. Wannan bayani ya kamata ya kai kunnen miji da uwar miji, domin aure da yawa yana girgiza ne a kan zaton da ba a taɓa tambayar likita a kansa ba.

Tamoksifen miligiram 20 ne sau ɗaya a rana, kuma yana rage dawowar ciwon da ke cin sinadarin isturojin da kusan kashi 40 cikin 100. Mata da yawa suna ajiye shi a shiru saboda zufa da zafin jiki na dare, da bushewar gaba, da ciwo wajen kwanciyar aure. Kowanne yana da mafita. Ana iya mayar da shansa dare ko safe, da azumi kuma a sha da sahur ko bayan buɗa baki. Zafin jiki yana sauƙi da maganin benlafaksin ko gabafentin. Faroksetin da fuluoksetin kuwa, waɗanda ake bayarwa don ciwon damuwa, suna iya rage ƙarfin tamoksifen a hanta, sai a gaya wa likitan ƙwaƙwalwa abin da ake sha. Bushewa ana maganinta da man shafawa na kemis mai ruwa-ruwa. Haɗe-haɗen kayan mata na matsi da na sha, waɗanda ba a san abin da ke ciki ba, muna roƙo a bar su. Jinin da ya zo ba lokacinsa ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, a tafi asibiti nan take.

Sauran a taƙaice. Dokzorubisin, jan ruwan kemo, da tirastuzumab, maganin nau'in ciwon mai HER2, suna taɓa zuciya. Mai karɓar na biyun ana yi mata hoton zuciya duk wata 3, kuma hawan jini, wanda ya yi mana yawa, yana ƙara haɗarin. Faklitaksel, wani ruwan kemon, yana kashe jijiyar yatsu, binciken Amurka kuma ya nuna ya fi yi wa baƙaƙen fata haka, don haka a faɗi tun ranar da aka fara jin tsira-tsira, a rage adadi, kuma a riƙa gwada ruwan wanka da gwiwar hannu. Fatar da aka gasa takan yi duhu ta washe a hankali. Man kaɗanya ya ishe ta idan ta warke, man bilicin kuwa ƙara ɓata ta yake yi. Mai jikin da tabo ke yi wa tudu ta sanar da likitan tiyata tun kafin a yanka. Wadda aka cire wa nono ɗaya tana buƙatar abin cika rigar mama mai nauyi daidai da ɗayan, in ba haka ba kafaɗa ta karkace, wuya da baya su yi ta ciwo. A Amurka dokar 1998 ta tilasta wa inshorar da ta biya kuɗin cire nono ta biya na sake gina shi da na nonon roba da na jinyar kumburin hannu. Tambaya ce da wakilanku za su iya kai wa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa.

Tun 2005 masana a Amurka suka ba da shawarar kowace mai jinya ta bar asibiti da takarda a hannu. Shafi ɗaya ya isa: nau'in ciwon da matakinsa, sakamakon gwajin isturojin da furojestaron da HER2, yawan kaluluwar da aka cire, sunan kowane magani da adadinsa, wurin da aka gasa, da ranakun dawowa, wato duk wata 3 zuwa 6 a shekara uku na farko, duk wata 6 zuwa 12 a shekara ta huɗu da ta biyar, sannan shekara-shekara, da hoton nono sau ɗaya a shekara. A ƙasa a rubuta alamun da ba a jira da su: ciwon ƙashi da ya wuce mako biyu, tari da ya ƙi tafiya, ciwon kai da amai, idanu su yi rawaya, da baƙin ciki ko fargabar da ta hana barci da cin abinci, domin ita ma tana da magani. Mace da aka yi wa aiki a Zariya, aka gasa ta a Abuja, ta koma ƙauyensu, wannan takarda ce kaɗai za ta gaya wa ma'aikacin asibitin garinsu abin da ke gabansa.

Roƙonmu shi ne ku buga samfurin wannan takarda da Hausa, da boko da ajami, yadda za a iya yankewa a kai wa likita ya cika, kuma ku ware fili ɗaya a wata don tambayoyin waɗanda suka gama magani, ba tare da an bayyana sunansu ba. Mun ɗauki nauyin amsawa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da ke kula da masu sankarar mama, Kano.