Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dakta Tedros Kan Sirrin Ƙwayoyin Cuta Masu Haɗari

Zuwa ga Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus,
Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a matsayina na ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ɗaya daga cikin waɗanda sakamako ke fara faɗowa a hannunsu kafin minista ya ji, kafin ɗan jarida ya ji. Damuwata ita ce yadda duniya ke riƙon bayanan ƙwayoyin cuta masu haɗari a birkice. Labarin ɓullar cuta, wanda ya kamata ya fita cikin sa'o'i, shi ake dannewa. Wanda ya fitar da shi kuma, shi ke shan wuya.

Ka san tarihin fiye da ni, amma bari in tuna mana. A watan Afrilun 1979 ƙwayar antaraks ta kuɓuce daga wata cibiyar soja a birnin Sverdlovsk na Tarayyar Sobiyet, ta kashe aƙalla mutum 66. Hukumomi suka ce gurɓataccen nama mutanen suka ci. Likitocin birnin sun yi ta fama da marasa lafiya alhali waɗanda suka san gaskiyar abin da ke cikin iska suna nan kusa, bakinsu a rufe. Sai a 1992 Shugaba Boris Yeltsin ya amsa cewa daga wajen soja abin ya fito. A 2012 Dakta Ali Mohamed Zaki ya gano sabuwar ƙwayar korona a jikin wani majinyaci a Jidda, wadda daga baya aka sa wa suna MERS. Ya sanar da duniya ta ProMED, dandalin intanet na rahoton ɓullar cututtuka, a watan Satumba, ya rasa aikinsa, ya koma Masar. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, 'yan sanda sun kira Dakta Li Wenliang ranar 3 ga Janairun 2020 suka sa shi ya sa hannu a takardar gargaɗi saboda ya faɗakar da abokan karatunsa kan wata sabuwar cutar korona, wadda daga baya aka sa wa suna COVID-19. Cutar da ya yi gargaɗi a kanta ita ta kashe shi a watan Fabrairu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Farfesa Zhang Yongzhen na Shanghai. Ranar 11 ga Janairun 2020 ya amince aka saka taswirar ƙwayoyin halittar sabuwar koronar a intanet kowa ya gani. Cikin kwana biyu kamfanin Moderna ya kammala tsara allurarsa ta rigakafi a kan wannan taswira, ɗakunan gwaji a ko'ina kuma suka samu abin da za su auna gwajinsu da shi. Shi kuwa, washegari aka rufe ɗakin gwajinsa.

Ba gwamnatocin da cuta ta ɓulla a ƙasarsu kaɗai ke da laifi ba, kuma wannan ne abin da nake so ka faɗa da ƙarfi. Ranar 24 ga Nuwamban 2021 Afirka ta Kudu ta kai wa hukumarka rahoton sabon nau'in COVID-19 da aka sa wa suna Omicron, bayan aikin da masananta da na Botswana suka yi. Kafin mako ya zagayo, Birtaniya da Amurka da Tarayyar Turai sun rufe wa ƙasashen kudancin Afirka ƙofa. Jirage suka daina zuwa, har masanan da suka gano nau'in suka fito suna kokawa cewa sinadaran gwajinsu na shirin ƙarewa, domin ta jirgi suke iso musu. Daga baya Holan ta gano nau'in a samfuran da aka ɗauka a ƙasarta tun kafin sanarwar. Ka yi tir da wannan hani, na yaba maka. Sai dai duk ministan lafiyar da ya ga abin da ya faru ya riga ya ɗauki darasi, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai shafa wa naka ruwa kake yi. Gobe idan ɗakin gwajinsa ya ga wani abu, zai fara lissafin jirage da baƙi da kasuwanci kafin ya ɗaga waya.

Doka tana nan a rubuce. Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005 sun ba ƙasa sa'o'i 48 ta tantance abin da ta gani, sannan sa'o'i 24 ta sanar da ku. Sashe na 9 ya ba ku damar karɓar labari daga majiyar da ba ta gwamnati ba, har ma ku ɓoye sunan majiyar idan da hujja. Sashe na 10 ya ce idan ƙasa ta ƙi ba da haɗin kai, kuma haɗarin ya yi girma, kuna iya sanar da sauran ƙasashe abin da kuka sani. Sashe na 43 ya wajabta wa duk ƙasar da ta kawo cikas babba ga zirga-zirga ta ba ku hujjarta cikin sa'o'i 48. Roƙona shi ne ka riƙa amfani da waɗannan a fili. Ƙasar da ta rufe iyaka ba tare da hujjar kimiyya ba, a fitar da sunanta. Ƙasar da ta kori likita ko ta rufe ɗakin gwaji saboda ya yi magana, ita ma a fitar da nata. Na san hukumarka ba ta da 'yan sanda, da kuɗin ƙasashen nan take tafiya. Amma gwamnatoci na jin kunyar a ambace su, kuma wannan makami yana hannunka.

Akwai sirrin da ya cancanta a riƙe, ba na musun haka. Sunan majinyaci na ciki. A wurinmu samfuri na zuwa a kwalba cikin kwalba cikin kwali, da lamba a jiki, takardar da ke ɗauke da suna kuma tana can a kulle daban. Ba don ado muke yin haka ba. Ranar da sunan mutum ɗaya ya shiga wayoyin jama'a, masu zazzaɓi goma za su kwanta a gida su yi shiru, mu kuma mu makance. Sashe na 45 na dokokin nan ya kare wannan, kuma babu wata gaggawa da ke buƙatar sunan mara lafiya ya tsallaka iyaka. Shekarunsa, alamomin ciwonsa, inda ya bi da ranar da ya kwanta sun wadatar.

Sirri mai wuyar sha'ani shi ne na hanyar sarrafa ƙwayar cuta, kuma a nan ne nake ganin an bar aiki a rataye. A 2011 masana a Rotterdam da Wisconsin suka sauya ƙwayar murar tsuntsaye ta H5N1 har ta iya yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji masu shayarwa. Kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan tsaron halittu ya nemi a buga sakamakon amma a cire bayanin yadda aka yi, a riƙa ba wa waɗanda ke da buƙata ta gaskiya kaɗai. Hukumarka ta kira taro a Geneva a Fabrairun 2012. Abin da ya bayyana shi ne babu wata hanya da aka tanada ta yin hakan. Wa zai riƙe bayanin? Wa zai tantance mai nema? Dokar wace ƙasa za ta yi aiki? Da aka rasa amsa, sai aka buga binciken biyu gaba ɗayansu a 2012.

Shekara ɗaya bayan nan sai aka gwada ɗaya ɓangaren. Masana a California suka gano abin da suka ɗauka sabon nau'in gubar botulinum ne, suka buga labarin amma suka riƙe taswirar halittarsa, saboda a ganinsu babu makarinsa. Niyyarsu mai kyau ce. Amma da wasu ɗakunan gwaji suka samu damar aiki a kansa daga baya, sai aka ga makarin da ake da shi tuntuni yana iya karya shi. Ɓoyewar ta jinkirta samun amsar da ta kwantar wa kowa da hankali.

Ka ga ke nan, ranka ya daɗe, mai bincike yana da zaɓi biyu kacal: ya watsa wa duniya, ko ya kulle a aljihun teburinsa ya zama shi kaɗai alƙali. Dukansu ba su dace ba. Ana buƙatar ma'ajiya amintacciya a ƙarƙashin hukumarka, inda za a kai irin wannan bayani, da jerin ɗakunan gwaji da aka tantance tun kafin masifa ta zo, da ƙa'ida rubutacciya da ta ce idan ƙwayar ta bayyana a jikin ɗan Adam, makulli na buɗewa nan take ga masu haɗa gwaji da magani. Tantancewar da za a fara ranar da gawa ta fara taruwa ta makara. Kuma lallai jerin ya haɗa da ɗakunan gwaji na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. In ba haka ba, kalmar tsaro za ta zama wata sabuwar hanyar hana talakawan ƙasashe ilimin cutar da daga jinin mutanensu aka samo shi.

Wannan fargaba tana da tushe. A 2007 Indonesiya ta daina miƙa samfuran H5N1, bayan ta ga ana haɗa allura da su a waje ba da izininta ba, allurar da ba lallai ta iya saye ba. Sai da aka kai 2011 kafin a cimma tsarin raba ƙwayoyin mura da amfanin da ke fitowa daga gare su. Yarjejeniyar annoba da aka amince da ita a Mayun 2025 ta yi alkawarin ware wa hukumarka kashi 20 cikin ɗari na allurai da magunguna da kayan gwaji daga kamfanonin da suka shiga tsarin, amma ta bar bayanin yadda za a raba ƙwayoyin cuta da amfaninsu ga wata takardar ƙari ta daban. Ina roƙonka ka tsaya a kan cewa duk abin da za a aiwatar ya ƙunshi kariya a rubuce ga likita ko ma'aikacin gwajin da ya kai rahoto, da kuma wannan ma'ajiya da aka kasa samarwa tun 2012.

Naka cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje.