Ummi, fito da abin shaƙarki daga ƙasan akwati

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki. Babanku da ƙannenki duk suna gaishe ku.

Gwaggonki ta dawo jiya, kuma ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ɗaki ya yi kyau, amma tun daga ƙofar gida ake jin turaren wuta, kasko biyu na ci, tagogi a rufe saboda hazo. Cikin dare ta ji ƙirjinki yana shewa kamar usur, ta tambaya kika ce mura ce. Sai da ta matsa kika ciro abin shaƙar maganin asmarki daga ƙasan akwati, a naɗe cikin ɗankwali. Na gane, ba kya so dangin miji su ce an kawo musu mai lalura. To Ummi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kina 'yar shekara 7 muka kwana asibiti da ke a tsakiyar hunturu, haƙarƙarinki na lotsawa da kowane numfashi. Likitar ta zana mini huhu a bayan kati, kamar bishiya mai rassa. Ta ce cikin rassan mai asma a kumbure yake, ko ranar da yake jin garau. Da ƙura ko hayaƙi ko iska mai sanyi sun taɓa su, sai naman da ke zagaye da su ya tsuke, majina ta taru, iska ta rasa mafita. Abin shaƙa shuɗin nan, salbutamol, sakin tsukewar kawai yake yi, cikin mintuna kaɗan, bayan kamar awa 4 ƙarfinsa ya tafi. Mai ruwan ƙasan, beclometasone, shi ke kwantar da kumburin, kuma sai an lizimce shi safe da dare, ana ciwo ko ba a yi.

Nan ne ni kaina na yi wauta. Na ga kina guje-guje da yara, na ce ai ta warke, na ajiye mai ruwan ƙasan, har na ƙara da jiƙe-jiƙen da maƙwabta suka kawo. Ba a rufa wata biyu ba muka koma asibiti. Asma ba ta barin jiki, lallaɓa ta ake yi, kuma sauƙin da kike ji aikin maganin ne. Ki riƙa kurkure baki bayan kin shaƙa. In kin ga kina neman shuɗin fiye da sau 2 a mako, ko tari na tashinki da dare, ki koma wurin likita, kada ki tsaya sayen ƙwayoyi a kemis. Asfirin da ibuprofen ma suna tayar wa wasu masu asma da ciwon.

Turaren kuwa, a yi wa kaya a waje, sai hayaƙi ya lafa a shigo da su. Humra kaɗan ta isa. Maganin sauro na hayaƙi ki bar shi, ki ɗaura gidan sauro. Ki yayyafa ruwa kafin shara, janareto kuma a nisanta shi da tagarki.

Ki zauna da mijinki yau ki faɗa masa. Ki ce ba tarin fuka ba ne, ba a ɗauka a kwano ko a shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, cutar ta kashe 455,000, galibi a ƙasashe irin namu inda ba a samun abin shaƙa a kan kari. Ki tabbata mijinki ya san inda kike ajiye naki. Ya kuma san cewa in kin kasa haɗa magana saboda haki, ko leɓɓanki sun sauya launi, ko shuɗin bai yi aiki ba, ba a jiran gari ya waye.

In Allah Ya kawo rabo, kada wata ta ce ki daina shaƙa don ciki. Abin da ke cikinki da numfashinki yake rayuwa, ki faɗa musu tun ranar awon farko.

Na ba direban da zai taso ranar Asabar sabon mai ruwan ƙasa guda biyu, da kuka da daddawa. Ki kira ni in ya iso, ina so in ji muryarki da daddare.

Mamanki