Zuwa ga Bala, a kan ganuwar Breda

Assalamu alaikum aminina Bala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin can? Ka ce na yi ɓatan dabo kwana biyu. Wallahi wani Bature ne da ya rasu tun 1635 ya hana ni sakat, Jacques Callot, mai zane, mutumin garin Nancy da ke Faransa a yau.

Zanensa na yaƙin Breda, wani gari a ƙasar Holland, nake kwaikwaya. Sojojin Sifaniya ƙarƙashin kwamandansu Spinola sun yi wa garin zobe tun Agustan 1624, sai da yunwa ta ci ƙarfin mutanen ciki suka miƙa wuya a Yunin 1625. Callot ya zana yaƙin a faranti shida na jan ƙarfe, in an buga an jera takardun su ba da hoto ɗaya. A gaba ga mahaya manya-manya, can baya kuwa ramuka da ganuwa da dakaru kamar tururuwa.

Ni da alƙalami da tawada na tasar masa. Inuwar ganuwa na fara da layuka a jere, na sake bi ta kansu a gicciye kamar saƙar zana. Bi biyu ya yi kyau. Zari ya ɗebe ni na ƙara na uku tawada ba ta bushe ba, sai ganuwar ta koma gindin tukunya, takardar ma ta huje.

Da na ƙara girman hoton a kwamfuta na ƙura ido, ashe shi bai cika gicciya layi ba. Layi ɗaya yake ja, ya faro siriri, ya kumbura a tsakiya, ya sake tsukewa. Layukan nesa kuma bai bari ruwan asid, wanda ke zurfafa layi a jikin farantin, ya ci su sosai ba, shi ya sa suke dishi-dishi kamar ranar hazo. A alƙalami sai dai ka danna ka sassauta, ni kuwa hannuna har yau gardama yake yi mini.

Ka san tawadar rubutu ta Turawan wancan zamani da ƙaro ake haɗa ta, kamar tamu ta allo? Sai dai akwai sinadarin ƙarfe a ciki, shi ke mayar da ita ruwan ƙasa in ta tsufa, wani lokaci har ya cinye takardar.

In ka samu mai tahowa, don Allah ka aiko mini da takarda mai kauri. Zanen Callot na yaƙin La Rochelle ke gabana, ga jiragen ruwa birjik.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Isiyaku