An ce sai na ajiye akwatin zanena kafin a sa mani rana

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, ke da abokan aikinki. Allah Ya saka maki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da matsalolin jama'a. Na daɗe ina sauraren shirinki, ban taɓa zaton wata rana tawa za a karanta ba. Don Allah ki sakaya sunana.

Ni malamin makaranta ne a nan cikin birnin Katsina, shekaruna 31, darasin zane nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Asabar da Lahadi kuwa, da na idar da sallar asuba sai in ɗaure akwatina a bayan mashin in fita bayan gari, in sami inuwa in zauna, in zana abin da ke gabana da fentin mai: gona, fadama, duwatsu, rumbuna, bakin ruwa. Ba na zana mutum, ba na zana dabba. Tun muna Islamiyya aka karanta mana hadisin Ibn Abbas, inda ya ce wa wani mai sana'ar zane in dai ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Nan na tsaya. Ko saniya ce ta gifta ina cikin aiki, sai in bar gurbinta fili. Na fara da wannan ne don kada masu saurare su ɗauka rigimar ta addini ce.

Akwatin da ake ta magana a kansa bai fi jakar ɗan firamare girma ba. Wani kafinta a unguwarmu ya haɗa mani shi. Murfinsa ke riƙe allon da nake zane a kai, cikinsa nake matsa fenti in gauraya, a ƙasa kuma na ɗaura masa ƙafa uku na tsohuwar kyamara da na saya a gwanjo. Launi biyar kacal nake ɗauka: fari, shuɗi, ja, rawaya da ruwan ƙasa, duk koren da ke cikin damina daga shuɗi da rawaya nake fitar da shi. Sai burushi huɗu, da tsumma, da 'yar kwalbar kananzir ta wanke burushi, da malafa. Allunan falanki ne nake yankawa ƙanana, a bayan akwatin kuma akwai tsagi inda guda biyu ɗanyu ke shiga ba tare da sun taɓa juna ba, domin fentin mai ba ya bushewa nan take. Man da ke cikinsa iska yake sha a hankali har ya daskare, sai ya yi kwanaki, wani ma mako guda. Na taɓa yin dabara da man gyaɗa da nawa ya ƙare, ashe shi ba ya bushewa sam. Zanen ya yi wata yana danƙo, ƙura ta mayar da shi kamar samfefa. Duk da haka fentin mai na fi so, don na ruwa in hunturu ya kama tun yana bakin burushi yake ƙandarewa.

To ga abin da ya faru. A kakar da ta wuce na je wani ƙauye da ba zan ambata ba, na zauna gefen wata gona da aka yanke gero aka jingine dammuna. Ban yi awa guda ba sai ga matasa 'yan sintiri su biyar sun kewaye ni. Me kake rubutawa? Wa ya aiko ka? Taswirar garinmu kake ɗauka? Na nuna masu allon, ɗaya ya ce ai ga hanyar shiga gari nan na zana ƙarara. Suka karɓi wayata, suka tasa ƙeyata zuwa ƙofar gidan dagaci. Hajiya, ban ga laifinsu ba. Duk wanda ke jihar nan ya san abin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka jawo wa ƙauyuka. Ni kaina na daɗe da daina bin hanyar Jibiya da Batsari da Safana, duk da duwatsun da ke wajen sun fi ko'ina kyau a idona. Laifina ne da ban fara zuwa na gai da dagaci na gabatar da kaina ba. Ba wanda ya taɓa lafiyata, har fura aka dama mani, amma dagaci ya ce ba zan tafi ba sai wani da ya sani ya tsaya mani. Cikin duk lambobin da ke wayata, mutum ɗaya ya sani: Alhaji, mahaifin yarinyar da nake nema, wanda ke sayen hatsi a kasuwar yankin shekara da shekaru.

Alhaji ya zo da kansa. Bai ce mani uffan ba, daga can har gida. Da ma an riga an kai gaisuwar iyaye, sa rana kawai ya rage. Bayan kwana uku ya kira baffana ya ce shi bai fasa ba ni 'yarsa ba, amma da sharaɗi: in yi alkawari gaban manya cewa na bar fita zane har abada. Ya ce ba zai aurar da 'yarsa ga wanda wata rana za a kira shi a ce an yi daji da shi, a kawo kuɗin fansa ba. Ya ƙara da cewa Asabar da Lahadin nan in riƙa zuwa rumfarsa ina koyon awo, zai riƙa ba ni wani abu. In ina son zanen, in ɗauki hoto da waya in zauna a ɗaki in kwafa.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce na kasa fahimtar da kowa. Waya ba ta ganin abin da ido ke gani. Inuwar kuka da hantsi ba baƙa ba ce, akwai shuɗi-shuɗi a cikinta, amma hoto sai ya dunƙule ta ya mayar baƙi ƙirin. Hazon hunturu yakan sa itatuwan nesa su koma toka-toka, na kusa su yi duhu, har ka ƙirga layi huɗu ko biyar tsakaninka da inda ido ya ƙare. Waya sai ta share su duka. Kuma haske ba ya jira. Awa biyu gare ka, daga nan inuwa ta juya, gonar ta zama wata gona daban, dole hannunka ya yanke shawara ba tare da inda-inda ba. Ban san gawo da gaske ba sai da na zauna gabansa sau biyu, na ga da damina tsirara yake kowa na kore, da rani kuma shi kaɗai ke da ganye. A kwaleji an koya mana cewa masu zanen Turai da can a mafitsarar alade suke ɗaure fenti, sai a 1841 wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun kuza mai matsewa, irin na man goge baki. Wannan ya sauƙaƙa wa irin su Monet na Faransa ɗaukar kayansu su fita bakin kogi. Su da suka samu hanyar fita daga ɗaki murna suka yi, ni kuma yau ana cewa in koma.

Na nemi a raba gardama. Na ce wa baffa a gaya masa na yarda in bar ƙauyuka gaba ɗaya, har madatsar ruwa ta Ajiwa da nake so kamar me, in tsaya cikin gari: hasumiyar Gobarau, Ƙofar Soro, ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, guntayen ganuwa da suka rage. In na je Daura wajen 'yan uwan mahaifiyata kuma in tsaya wajen rijiyar Kusugu da ƙofar fada. Amsar da ta dawo ita ce ta tsaya mani a rai. Alhaji ya ce wannan ma ya fi muni, surukinsa zaune bakin titi yara sun yanyame shi, abokan kasuwancinsa na wucewa suna gani. Nan na gane ba tsoron daji ne kaɗai ba, abin ne ma bai ɗauke shi aikin mai hankali ba. Gaskiya kuma ba ni da kuɗin da zan rufe bakin kowa da su. Na sayar da 'yan kaɗan ta Instagram, yawanci ga 'yan Katsina mazauna Abuja da Legas masu kewar gida, amma abin da ke shigowa da ƙyar yake mayar da kuɗin fenti, wanda sai na aika Kano ko Zariya ake samo mani.

Mahaifiyata ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in bi kawai. Abokaina kuwa cewa suke in amsa masa da "to", in an ɗaura aure wa zai bi ni ya ga inda na nufa da asuba? Ita yarinyar, wadda zanen fadamar da na ba ta yana rataye a ɗakinta, kuka take yi, ta ce ita ba ta hana ni ba, amma in taimake ta in faɗi abin da Baba ke son ji. Ni kuma na san kaina. In na ce na bari, ranar da hadarin farko ya haɗo ta gabas, ƙasa ta yi ja sama ta yi baƙi, ban tabbata ƙafata za ta zauna ba. Ba na son in shiga gidan mutane da alkawarin da na san zan karya, kuma wallahi ba na son in rasa ta.

Hajiya, ina laifi in na ce a ba ni wa'adi, misali in ajiye akwatin shekara guda, maimakon har abada? Ko hakan zai zama kamar ina ciniki da surukina? Akwai hanyar da yaro zai bi ya nuna wa babba aikinsa ba tare da an ce ya yi fitsara ba? Na yi tunanin in zana masa rumfarsa da buhunan hatsi in kai masa, sai kuma na ji tsoron kada ya ɗauka ba'a ce. In kuma kin ga son zuciya ne kawai ke ɗawainiya da ni, ki faɗa mani kai tsaye, zan ji.

Baffa ya ce ranar Juma'a ta sama bayan an sauko masallaci za mu je gidan Alhaji da amsa. Don Allah in da hali a karanta wasiƙata kafin ranar.

Ɗanki,
Malamin zane daga cikin birnin Katsina