A gwada ƙasa kafin a haƙa fandisho

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili don jan hankalin masu gini a Kaduna kan gwajin ƙasa, wanda mutane da yawa ke tsallakewa don gudun kashe kuɗi.

Ƙasar garin nan ba iri ɗaya ba ce. Jar ƙasa mai marmara da ke kan tudu tana ɗaukar nauyi. Amma gangaren kogin Kaduna da rafukansa laka ce da yashi, laka kuwa tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, har bango ya dare. Wadda ta fi tayar mana da hankali ita ce ƙasar ciko: tsohon kududdufi da aka cika da bola, aka baje samansa, aka yanka fuloti. Dillali ba zai gaya maka ba, amma dattawan unguwa sun sani.

Ga gidan da ba bene ba, a haƙa ramuka uku ko huɗu a kusurwoyi da tsakiya, zurfin mita 1.5 zuwa 3. Muddin leda, toka da fasassun kwalabe na fitowa, ba a kai ƙasar asali ba. A bar ramin ya kwana, a ga inda ruwa ya tsaya. Ramin da ya bushe ƙayau a watan Maris yana iya cika a Agusta, don haka a duba rijiyoyin maƙwabta ma.

Bene kuwa sai da injin haƙa. Ana sako guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 don ta buga bututun ƙarfe da aka zura cikin ramin, a ƙirga bugu nawa ne bututun zai nutse santimita 30. A cikin yashi, bugun da bai kai 10 ba yana nuna ƙasar ba ta da ƙarfi. Sannan a kai samfur ɗakin gwaji. Sakamakon ne zai nuna wa injiniya ko fandisho na yau da kullum ya isa, ko sai an shimfiɗa kankare da rodi a ƙarƙashin ginin baki ɗaya. Idan za a yi ciko, a riƙa zuba santimita 15 ana dannewa kafin a ƙara.

Tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ga ƙofa ta soma cijewa, alama ce ta wani ɓangaren ginin yana nutsewa, filasta ba za ta magance ta ba.

Muna kira ga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, da ta tsananta duba rahoton gwajin ƙasa, mai sa hannun injiniyan da hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa (COREN) ta yi wa rajista, kafin ta ba da izinin gina bene.

Wasu injiniyoyin gine-gine,
Kaduna